Yadda Muka Sake Yi wa Motar Yaya Haɗari

Ranar Talata ce, tun asuba ake tsuga ruwa kamar da bakin ƙwarya. Ina zaune a gaban tasin yayana, ba don ina da wurin zuwa ba, sai don zaman gida yana sa mini ƙaiƙayi. Muna isa mahaɗar kasuwa sai wata baƙar mota mai baƙin gilashi ta biyo hannun da ba nata ba, ta narka wa ƙofar direba duka. Ƙofa ta lotsa, hannun Yaya ya karye. Aka sauke gilashi kaɗan, wata murya ta ce, "Allah ya kiyaye gaba," aka ɗage, aka wuce. Daga baya muka ji wani Mai Girma ne a ciki, yana sauri kada ya makara taron da zai buɗe a kan kiyaye haɗurra. Ba mu ga laifinsa ba. Wa zai so a fara irin wannan taro babu shi?

A asibiti aka ce ba za a taɓa hannun ba sai da takardar masu kula da hanya. Masu kula da hanya suka ce ba za su rubuta komai ba sai sun ga takardar asibiti. Na yi ta safa da marwa a cikin ruwa har takalmina ya yi murabus, kafin wata nas ta gaji da ganin fuskata ta sa aka ɗora hannun.

Duk da haka Yaya bai damu sosai ba, domin shi kaɗai ne a tasharsu yake biyan cikakkiyar inshora. Shekara da shekaru direbobi na yi masa dariya, yana cewa su jira ranar. To ga ranar ta zo. Motar nan kuwa ita ke ciyar da gidanmu gaba ɗaya, har da ni da ba na tsinana komai.

A ofishin inshora akwai sanyi mai daɗi da kujeru masu laushi, abin da ya nuna mini kuɗin Yaya ba su ɓata ba. Wata mai murmushi ta ce kada a taɓa motar sai Babban Mai Duba Ɓarna ya zo ya gani da idonsa.

"Yaushe zai zo, ranki ya daɗe?"

"Yana hanya."

Hanyar nan doguwa ce. Sati na farko yana taron bita a kan biyan diyya cikin gaggawa. Sati na biyu yana hutun gajiyar bitar. Bayan nan motarsa ta lalace, yana jiran a zo a duba ta.

Ita kuwa tasi tana jibge a ƙofar gida, kaji sun mayar da ƙarƙashinta ɗaki. Kullum Inna ta fito ta ga ƙofar nan a lotse sai ta fashe da kuka, ta tuna saura ƙiris ta rasa ɗa. Tukunya ta fara sauƙin ɗauka. Mutanen layinmu kuwa ba su iya ganin maƙwabci a cikin hali su wuce ba. Akwai mai gyaran jikin mota a bakin layi, muna ce masa Guduma, mutumin da ko gwangwani ya gani a lotse sai ya tsaya ya miƙe shi. Direbobi suka kawo fenti, aka tura motar garejinsa, da nufin a gyara a ba wani ya riƙa ja, gida ya samu na cefane. Yaya yana kwance, ba a gaya masa ba, wai a ba shi mamaki. Guduma ya duƙufa a kan ƙofar nan har ta fito tana ƙyalli fiye da ranar da aka ƙera ta.

Washegari, kamar an aika masa, sai ga Mai Duba Ɓarna da jaka da ma'auni. Muka raka shi garejin, har da Yaya. Ya zagaya motar sau biyu, ya gyara tabarau.

"Malam direba, ina ɓarnar?"

Yaya ya kalli ƙofa, ya kalle mu.

"Yallaɓai, an gyara," in ji ni. "Mutanen arziki ne suka taimaka."

"Madalla da mutanen arziki. Amma ni ba na rubuta abin da ban gani ba. Zan sake biyowa ranar Alhamis, ko Allah zai sa ɓarnar ta bayyana."

Ni dai ban yi nisa a makaranta ba, amma ina gane magana idan an yi ta. Na tafi wajen Guduma.

"Ka mayar da ita yadda take," na ce.

"Auta, kana da hankali kuwa? In lotsa mota da hannuna?"

"Ba ka ji abin da mutumin ya ce ba? Lotsawar ce ake biya, ba gyaran ba. Ka buga yau, a biya, ka sake gyarawa, a wannan karon har da ladanka."

Ya shafa gemu, sannan ya ce in tafi, ba ya son kowa ya ga abin da zai yi. Ina tafiya ina jin ƙarar ƙarfe a bayana, da muryarsa yana neman gafara.

Ranar Alhamis, abin mamaki, Yallaɓai ya zo a kan lokaci. Aka yaye tamfol. Ga lotsawa nan, kyakkyawa, mai zurfi, wadda duk mai imani zai tausaya wa. Yallaɓai ya auna tsawo, ya auna faɗi, ya ɗauki hoto. Har na fara tunanin sabon takalmi. Sai ya tsaya, ya dubi hannun Yaya da ke rataye a wuya.

"Malam direba, kai a wane gefe kake zama in kana tuƙi?"

Yaya ya nuna.

"To ya aka yi aka bugi ƙofar fasinja, hannun direba ya karye, shi kuma wannan da ke zaune a gefen ko ƙwarzane babu?"

Duk muka juya ga Guduma. Ya sunkuyar da kai.

"Wallahi na ɗaga guduma a kan ƙofar direban," in ji shi, "hannuna ya ƙi. Ban taɓa yin aiki mai kyan ƙofar can ba. Na ce ai ƙofa ƙofa ce."

"Ƙofa ƙofa ce!" in ji Yaya. Da hannun nan lafiya yake, da ni da Guduma mun kwana a gadon asibitin da ya tashi.

Yallaɓai ya yi bayani cikin natsuwa, irin ta wanda albashinsa ya shiga. Haɗarin da ke rubuce ba shi da ɓarna, ɓarnar da ke gabansa kuma ba ta da haɗari, don haka babu abin biya. Maganar hannu kuwa, tunda an same mu da wasa da guduma, sai kwamiti ya zauna ya tabbatar ba mu muka karya shi ba. Ku duba ikon Allah, jama'a. Mutumin da ya yi wata guda bai ga hanyar gidanmu ba, ranar da muke addu'ar ya zo da rabin ido, ranar ya zo da ido huɗu. Kafin ya tafi ya shafa ƙofar direba, ya jinjina kai, ya karɓi lambar wayar Guduma, wai tasa motar ma tana son irin wannan hannu.

Ga abin da muka rasa: ƙofa ɗaya da muka lotsa da kanmu, diyyar da Yaya ya yi shekaru yana taƙama da ita, takalmina, gudumar Guduma da aka tafi da ita a matsayin shaida, da kujerar gaba, wadda Yaya ya rantse ba zan sake zama a kanta ba. Inna kuma ta ci gaba da kukanta, sai dai yanzu ta ɗaya gefen take tsayawa.

Jiya saƙo ya shigo wayar Yaya daga ofishin, ana tuna masa lokacin sabunta inshora ya yi. Shi wannan saƙon bai tsaya taron bita ba.