Irin Waken Inna Hajo Da Butar Shayi Mai Ƙyalli

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na yi wa irin waken wata dattijuwa wanka a gaban mata sun fi talatin, shef ɗina, wato shugabana a wurin aiki, yana tsaye, maigari yana zaune a kan kujerar roba yana kallo. Har yau in na ji ƙamshin ƙosai sai kunyar ranar ta dawo min sabuwa.

Lokacin watana biyu da dawowa daga Yamai da takardar karatun lantarki, na samu aikin gwaji na wata uku a wata 'yar ƙungiya mai taimakon manoma a nan Dogon Dutsi. Ina tafiya ina ɗaga kafaɗa, jakar ordinater, wato kwamfuta, a bayana ko da albasa aka aike ni saye. (Allah dai ya yafe mana ƙuruciya.)

Aikin da aka ba ni a baki ba wuya. Kowa ya san yadda ƙwaro ke cinye wake a rumbu. To akwai dabara: a shimfiɗa busasshiyar ciyawa, a ɗora baƙar leda, a baza wake, a rufe da farar leda, a bar wa rana. In zafin ya kai wajen digiri sittin ya jima a haka, ƙwaron da ƙwansa duk sun mutu. Amma takardar da aka ba ni ta yi gargaɗi da jan rubutu cewa in ya haura tamanin, irin ma zai iya mutuwa, a shuka shi ya ƙi fitowa. Don haka aka sayo wata na'ura mai auna zafi daga nesa, ɗan ido kamar maɓallin riga a kan wani koren allo da bai fi tafin hannu ba. Ana haɗa allon da ordinater, manhajarsa ta nuna lamba. Shef ɗinmu, Mushe Issufu (Mushe ɗin na Faransanci ne, kamar a ce Malam), mutum ne marar yawan magana. Ya miƙo min kwalin ya ce, "Ka saita ta da kyau. Ranar Laraba za mu gwada a ƙauye, wajen Ɗan Kassari."

Ranar Litinin da safe na zauna a barandar biro, wato ofishinmu, na haɗa waya, na buɗe manhaja, lamba ta fito. Saura saiti. Littafin ya ce a nuna wa idon abin da aka riga aka san zafinsa, sai a gyara har lambar ta yi daidai. Ya ƙara da cewa abin ya zama baƙi, marar sheƙi. Na karanta layin, wallahi na karanta, amma sai na ɗauka irin tsirfar nan ce ta masu rubuta littattafai. Me na san zafinsa? Tafasasshen ruwa, digiri ɗari. Ga kuwa Baba Arzika maigadi can gindin dogon yaro yana hura gawayin shayi.

Na roƙe shi aron buta, ya miƙo min tasa, wata tsohuwa da hayaƙi ya mayar baƙa ƙirin. Na yatsina fuska. Ni da zan ɗauki hoto in sa a rapor, rahoton aikina, in sa wannan kuma? Na ce, "Baba, ba ka da wata mai kyan gani?"

Ya ce, "Akwai ta baƙi, ɗiyana. Amma wagga ta fi daɗin shayi."

Na ce ba shayi zan sha ba, kimiyya zan yi. (Ka ji fa bakina.) Ya ɗauko sabuwar, mai ƙyalli har kana ganin haƙoranka a jikinta. Ruwa ya tafasa, na nuna wa jikin butar ido, sai manhaja ta ce arba'in da huɗu. Ruwa yana ta ɓararraka, ita tana cewa arba'in da huɗu! Na ce lalle an yi dace da aka kawo ni gidan nan. Na shiga wani gurbi da ake kira emisibite, inda aka rubuta 0,95, na yi ta rage shi, lambar zafi tana hawa. Da na kai 0,15 sai ta buga ɗari cif. Na danna a ajiye, na ɗauki hoto ina murmushi, na sha shayin Baba Arzika kofi biyu.

Laraba ta zo. Muka isa ƙauyen da hantsi, ana tsakiyar kaka, rana tun da wuri ta fara cizo. Matan ƙungiyar manoman ƙauyen suka taru, amma babu wadda ta fito da wakenta. Kowacce sai ta ce bari a ga na Inna Hajo tukuna. Inna Hajo ita ce shugabarsu, 'yar siririyar tsohuwa mai kaifin ido. Tun farko ba ta yarda da mu ba. Ita da toka take adana irinta a tulu, kamar yadda ta ga uwarta tana yi. Sai da na yi kusan rabin awa ina zuba mata bayani, har da cewa na'urar nan ba ta kuskure, sannan ta tashi ta fito da ƙwarya babba cike da wani jan wake mai ƙananan ƙwaya.

Ta ce, "Wanga iri tun na uwata ne. Ba a samunai kasuwa. In ka kashe min shi, yaro, ban san mi zan shuka baɗi ba."

Na dafa ƙirji na ce, "Inna, ki bar min komai."

Muka baza, muka rufe. Na zauna a bakin shimfiɗar da ordinater a cinya, ina ɗaga gefen ledar ina leƙa wa idon. Ba a fi minti goma sha biyar ba na ga saba'in da tara. Na ce a raina, kai, da wuri haka? Na sake aunawa. Tamanin da bakwai. Na kalli Mushe Issufu, yana can inuwa yana gaisawa da maigari. Na kalli Inna Hajo, ita kuwa ni take kallo, ko ƙiftawa ba ta yi. Na yi mata wani murmushi da ni kaina na san bai yi kama da murmushi ba.

Casa'in da biyu. Zufa ta fara ɗiga daga haɓata zuwa kan maɓallan ordinater. Jan rubutun nan na takarda yana ta yawo a idona. Na yaye farar ledar gaba ɗaya don iska ta shiga, na sake aunawa. Casa'in da tara. Jama'a, irin uwar Inna Hajo yana dahuwa a gabana, kuma ni na dafa ƙirji!

A nan hankalina ya bar jikina. Mai hankali zai ja ledar zuwa inuwa. Mai hankali zai kira shef. Mai hankali, in ma duk bai yi wannan ba, zai sa hannu ya taɓa waken, tunda ga shi nan a gabansa. Ni kuwa sai na yi tsalle ina ihu, "Ruwa! Ruwa! Zai dahu!" Na fizgi bokitin ruwan da aka ajiye wa baƙi, na sheƙa shi duka a kan waken.

Ba ka jin komai sai ruwa yana gangarawa ta gefen leda, yana jan 'yan ƙwayoyin wake zuwa cikin ƙasa. Wata mata ta ce, "Innalillahi."

Inna Hajo ta taso a hankali. Ta tsugunna a ɗan gefen da ruwan bai kai ba, ta nitsa hannunta cikin waken har wuyan hannu, ta bar shi a ciki. Ta ɗago ta dube ni.

"Wanga ne za ya dahu? Ko ruwan wankan jinjiri ya fi shi zafi."

Na buɗe baki na ce, "Inna, ai na'ura ta ce..." sai na ji Mushe Issufu a bayana. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi da na ji sauƙi. Ya karɓi allon daga hannuna, ya ɗora idon a saitin goshina, ya juya ordinater wajen jama'a. Hamsin da ɗaya.

Ya ce, "To, kai ma ka kusa nuna. A kawo wani bokitin?"

Matan suka fashe da dariya, har da masu riƙe ciki, maigari yana rufe baki da hannun riga. Ni kam da ƙasa za ta tsage da na yi mata godiya. Shef ya tambaye ni da me na saita ta. Na buɗe masa hoton, ga ni ina washe baki kusa da buta mai ƙyalli. Ya daɗe yana kallo, sannan ya yi min bayani a hankali, cikin Hausa, don kowa ya ji. Abu mai sheƙi ba ya sakin zafinsa ga idon na'ura, ɓoye shi yake yi, shi ya sa ta ga arba'in da huɗu. Ni kuma na tilasta mata ta ce ɗari, sai ta koma ƙara wa komai. Ya mayar da gurbin 0,95, ya auna busasshen gefen. Arba'in da bakwai. Ko ƙwaron bai fara jin komai ba.

Inna Hajo ba ta yi dariya ba. Ta tattara jiƙaƙƙen wakenta a ƙwarya, fatarsa har ta fara yamushewa, ta ce wannan ya tashi daga iri. Ta shige gida ba ta waiwayo ba. Wannan shigewar ta fi dariyar ciwo, don dariya kunya ce kawai, amma nan shukar baɗi ce ta tsohuwa na zubar da hannuna.

Kwana biyu abinci ba ya wuce min. Ranar Asabar na hau moto, babur ɗina, na je Matankari wajen mahaifiyata, na faɗa mata abin da na aikata. Ta yi salati, ta yi min tatas, sannan ta auna min tiya biyu daga nata irin. Na ɗaure a baya na nufi ƙauyen, ina ta tsara kalmomin ban haƙuri a hanya.

Na samu Inna Hajo tana tsince gyaɗa. Na durƙusa, na ajiye ƙullin, na fara, "Inna, na san wannan ba zai maye na uwarki ba..." Ta ɗaga min hannu. Ta shiga ɗaki ta mirgino wani tulu mai liƙaƙƙen baki, ta buɗe, ta yaye toka. Jan wake ne, cike har wuya.

Ta ce, "Kana tsammanin zan ba yaro mai jaka a baya irina duka? Rabi na ba ka. Tun da ka ce abinka ba ya kuskure na san akwai magana."

Sannan ta turo min kwano. Ƙosai ne, na ragowar waken da na yi wa wanka, ta shanya shi ta niƙa. Ta ce in ci, ai ni na jiƙa. Na ci ina sunkuye, kuma abin haushin, ya yi daɗi. Irin mahaifiyata kuwa ta karɓe abinta, ta ce wannan diyyar ruwan baƙin da na zubar ce.

Mushe Issufu bai kore ni ba, sai dai ya sa na sake saitin a gabansa, da tsohuwar baƙar butar Baba Arzika, wadda na raina. Nan take lambar ta zauna dab da ɗari ba tare da na taɓa komai ba. Baba Arzika yana fifita gawayi ya ce, "Na hwaɗa maka ta fi daɗin shayi."

Yanzu shekarata uku a aikin. Duk na'urar da aka kawo, kafin in nuna ta ga kayan wani, goshina nake fara aunawa. In kuma lamba ta firgita ni, sai in ajiye ordinater in sa hannu tukuna. Bokiti kuwa, a ƙauyen nan har yau da matan suka hango moto ɗina sai su ɗauke shi su kai ɗaki.