Gaggafa a Gidan Tarihin Jirage

"Ni da kuke gani, shekara goma sha biyu ƙafata ba ta taɓa ƙasa ba sai in zan yi fitsari!"

Mai askin layinmu ke nan, wanda ya raɗa wa kansa suna Gaggafa. In ka zauna a kujerarsa, kafin ya gama maka gefe ɗaya ya kakkaɓo jiragen abokan gaba uku. Aboki, mutumin nan ko tsani ya hau sai an riƙe masa, amma a baki ya fi gajimare sanin sama.

Ƙaryar ta yi kasuwa har surukinsa, shugaban kwamitin unguwa, ya sa aka rubuta allo mai hoton jirgi, za a sa wa layinmu sunan Gaggafa. Abu ɗaya surukin ya nema: ranar karrama tsofaffin sojoji a gidan tarihin jirage, a je tare ya ga jirgin da Gaggafa ya tuƙa da idonsa.

Gaggafa ya samo kaki a gwanjo, ya jera lambobi a ƙirji har yana tafiya a karkace. Muka bi shi mu tara.

A ƙofa, mai rajista ta duba takarda sama da ƙasa.

"Baba, ban ga sunanka ba."

"Ba za ki gani ba, 'yata. Irin aikinmu na sirri ne."

"To na sirri tikiti suke saya."

Ya saya, yana cewa haka ake ɓad da sawu.

A zauren farko ya dafa wani dogon ƙarfe a ƙarƙashin fiffike. "Suruki, ka ga bom ɗin nan? Irinsa na saki, gari guda ya koma fili."

Jagorar baƙi ta yi gyaran murya. "Tankin mai ne, Baba."

"A zamaninku! Mu da shi muke jifa in bom ya ƙare."

Suruki ya fara sosa gemu.

Tsarin taron shi ne kowane tsohon soja ya tsaya kusa da jirgin da ya yi aiki da shi a ɗauke shi hoto. Dattawa suka jeru tsit, wani da sanda, wani hannun rigarsa ɗaya a naɗe. Gaggafa ya ce tsayuwa ta makanikai ce, shi ciki zai shiga. Ya tsallake igiya, ya haye, ya cusa kansa a kujerar matuƙi. Ƙafafu suka shige, tumbi ya ce bai san zance ba. Ya laluba abin kamawa, ya ja wani hannu, murfin gilashi ya rufo ƙwas!

Sai muka ga bakinsa yana motsi, ba ma jin komai. Karo na farko ke nan a tarihin unguwarmu.

Dattawa huɗu ne suka zaro shi, lambobi na zuba kamar goro ya ɓare daga kwando. Ana masa fifita, wani tsoho a keken guragu ya matso, ana ce masa Kanar. Ya ƙura masa ido.

"Kai! Ba kai ne mai askin bariki ba?"

"Ranka ya daɗe, kama ce."

"Kama? Wanda ya suma ranar da aka tayar da inji kusa da shagonsa?"

Kanar ya cire hula. Wani tabo ya taso daga ƙeya har bayan kunne.

"Jama'a, shekara ashirin ana harbina a sama. Ƙafar nan ciwon sukari ne ya ci ta. Tabo ɗaya na kawo gida daga aikin soja, kuma ga wanda ya yi min shi."

Zaure ya kece da dariya. Ni kam ban ji tausayinsa ba, don na ga mai hannu ɗayan nan bai yi dariya ba, lambobin gwanjon da ke ƙasa yake kallo.

A bakin ƙofa Gaggafa ya matso kusa da surukinsa, murya ƙasa-ƙasa.

"Suruki, maganar allon nan fa?"

"Allo yana nan. Sai dai a goge jirgin a zana almakashi."

Kanar, da ake turo shi a bayanmu, ya ɗaga hannu.

"Don girman Allah, ko a zane kar ku ba shi almakashi."