Kwano Takwas Na Gyaɗa

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da zan manta sunan unguwarmu, da miyar da na dafa a bikin ƙanin mijina a Dapaong. Shekara uku ke nan, amma har yau in na tuna sai kunya ta kama ni.

Ni ma'aikaciya ce a wani biro, wato ofis, a Sokodé, dangin mijina kuwa sun daɗe suna cewa hannuna biro kawai ya iya riƙewa. Wannan magana ta tsaya min a rai. Don haka da aka zo rabon aikin biki, da bakina na ce a bar min miyar gyaɗa. (Ba wanda ya roƙe ni, wannan ne abin da ya fi ƙona min rai.)

Na je wurin maƙwabciyata a unguwarmu Kpangalam, mai tuwon sayarwa, ta ce babbar tukunya kilo huɗu na gyaɗa take ci. Na san gidan surukata ba sikeli, sai na yi dabara irin ta masu ilimi. Na ɗauki ƙaramin kwanona na cika da ɓararriyar gyaɗa, na ɗora a sikelin auna saƙonni na wurin aikinmu. Rabin kilo cif. Kilo huɗu, kwano takwas ke nan. Na rubuta a takarda, na sa kwanon a jaka, na hau mota ina jin kaina.

Da na isa, na tarar Inna, uwar mijina, ta riga ta sa an soya gyaɗar an markaɗa, tana cikin bokiti kamar kwaɓin ƙuli-ƙuli. Ko a jikina. Na fito da kwano na shiga kwasa ina ƙirgawa da ƙarfi, don kowa ya ji.

A kwano na biyar Yaya Azumi, yayar mijina, ta riƙe min hannu. "Madam, ya isa haka. Miyan nan zai yi nauyi fa."

Na ce, "Yaya, ni ba da ido nake girki ba, da awo nake yi." Har takardar na nuna mata. Ta sake ni, ta ce, "To, Allah ya ba da sa'a," ta ja kujera ta zauna kallo.

Ashe gyaɗa in tana ƙwaya-ƙwaya, rabin kwanon iska ce ke tsakaninta. In an markaɗa ta kuwa sai ta danƙare, kwano guda ya kusa kilo. Wato ninki biyu na zuba! Amma fisabilillahi, mata goma sha wani abu a tsakar gidan nan, ba wadda za ta yi min wannan bayani? Sai "zai yi nauyi" kawai?

Miya ta ƙi tafasa, sai huci take tana tofo min a hannu. Mai ya taso sama, ƙasa ta kama. Na tsoma ludayi na saki, ya tsaya cak a tsakiya. Daidai nan baƙin ango, direbobin manyan motoci daga Cinkassé, suka aiko cewa yunwa suke ji.

Aka kai musu. Ina daga bayan zana na ji wani yana cewa, "Wannan da wuƙa ake yanka shi ne, ko a naɗe mana mu tafi da shi hanya?" Maza suka kwashe da dariya. Har da muryar mijina a ciki, na gane ta sarai, kuma bai ji da daɗi ba da muka koma gida.

Sai Inna ta taso. Ta sa aka raba miyar tukunya uku, ta riƙa zuba ruwa tana ɗanɗanawa da yatsa har ta dawo miya. Nama kuwa ya ɓace a ciki, sai mai rabo.

Tun daga ranar sunana a Dapaong ya zama Madam Kilo. Da Babbar Salla Yaya Azumi ta aiko min da tsaraba a naɗe cikin zane mai kyau. Na buɗe, sai ga kwanona da na manta, da takardata a ciki an ninke ta tsaf.

Yanzu in tsohuwa ta riƙe min hannu a kwano na biyar, tsayawa nake yi. Takarda ba ta taɓa ɗanɗana miya ba.