Miyar Kuɓewa a Kwamin Iyo

Ba zan taɓa mantawa da tsaftar da na tarar a gindin kwamin nan ba. Ita na fara gani da na leƙa daga bakin matakala: babu kashin awaki, babu leda ko ɗaya, har doguwar tsagar nan da ta ratsa tsakiya kamar hanyar Kebbe an cike ta da sabon siminti. Na tsaya da daro a kai, na ƙirga faci goma sha ɗaya. (Haka nake. Zan iya gaya maka maɓalli nawa ne babu a rigar malamin lissafi, amma in ya tambaye ni sunana sai na nemi inda na ajiye shi.)

Ga wanda bai san wurin ba, kwamin iyo ne da hukuma ta gina a Tambuwal bayan wani tsohon masaukin baƙi, tun ba a haifi innata ba. Ni dai ban taɓa ganin ruwa a cikinsa ba sai na sama. Da ya daɗe a bushe, matan unguwa suka mayar da shi wurin shanya, don akwai katanga, kuma simintin na ɗaukar zafi. Tattasai da tumatir a sama, kuɓewa can ƙasa wajen zurfi, inda iska ba ta kwasa. Kowace mace ta san wurinta.

A gidan Gwaggo Kulu, yayar babana, nake zaune ina makaranta. Satin da ya gabaci ranar mun yi shi ne a Kebbe, wajen sunan jaririn ɗiyarta Asabe, muka dawo da ɗanyar kuɓewa buhu guda. Duk abin da gonar Gwaggo ta bayar ke nan a shekarar. Wuni guda muka yi muna yankawa har yatsuna suka yi ta ƙaiƙayi. Rabinta miyar gidanmu ce har wata damina, rabi kuma ta riga ta yi wa mai jego alkawari. Sai ga gwiwarta ta kumbura saboda jijjigar hanya, shi ya sa a karon farko ta aike ni shanya ni kaɗai.

"Ki baza ta da kyau, ki zauna ki tsare ta," in ji ta. "In akuya ta ci ko ƙwara fuɗu, ni da ke ne. In kin ga Isa mai gadi ki ce mai nika gaishe shi, ko da shike gaisuwar asara ce."

Baba Isa taubashinta ne, ɗan kawunta. Duk garin nan shi kaɗai ke iya sa Gwaggo dariya tana tsakiyar faɗa.

Sawu uku na yi da daro. A sawu na farko na lura babu shanyar kowa. A na biyu na ga tulin yashi da buhunan siminti a bayan ƙofa. A na uku na ga an shafa wa tsanin ƙarfe fenti, ga bencin Baba Isa da butarsa amma ba ya nan. Duk na gani. Na haɗa su a kaina, sai lissafin ya ba ni cewa yau na yi sa'a, na riga kowa zuwa. Wurin ya yi tsaf har ban shimfiɗa buhu ba, a kan simintin na baza.

Abin da ban sani ba, muna Kebbe aka fara gyaran kwamin, aka bi gida gida aka ce mata su daina shanya. Ranar kuma ita aka sa za a zuba ruwa a ga ko facin zai yi yoyo.

Na zauna a inuwar tsohon ɗakin canza kaya, amma zaman ya ƙi. In sauka in juya kuɓewa, in hau, in leƙa ƙofa ko akuya na tafe, in dawo. Shirun wurin ya dame ni. Sau biyu na ce bari in je maƙwabta in tambaya ina mata suka shiga, sai in tuna sai na yi sallama, an amsa, an kalle ni. In koma in zauna.

Gab da azahar na ji ƙugin babbar mota a bayan katanga. Tankar ruwa ce, ƙofar ta yi mata kaɗan, sai ta tsaya ta baya. Na ji muryoyin maza. Can sai ga wani ƙaton tiyo an cillo ta saman katanga, ya sulalo a hankali, bakinsa ya leƙa daidai kan kuɓewar Gwaggo. (An ɗaure shi da robar taya a wuri biyu. Har wannan na gani.)

Sai direban ya ɗaga murya: "Da mutum ciki?"

To, a nan ne fa. Ni tun da nake ban taɓa ɗaga murya ga namijin da ban sani ba. Na fara tunanin me zan kira shi. Malam? In kuma dattijo ne fa? Baba? In saurayi ne ya ji haushi? Alhaji ya yi yawa ga mai tanka, ko kuwa bai yi ba? Na miƙe, na zauna, na sake miƙewa.

"Na ce da mutum ciki?"

Na ce, "Akwai." Ƙadangaren da ke kusa da ƙafata ma bai waiwayo ba. Da na ga muryar ta ƙi fita, sai na yi abin da aka koya mana a aji in mutum na da magana. Na ɗaga hannu. A bayan katangar da ta fi ni tsawo sau biyu, na tsaya tsaf da hannu a sama ina jira a ba ni izini.

"Babu kowa, sake shi," in ji wani.

Tiyon ya yi tari sau biyu, ya kumbura, ruwa ya ɓarke. Na ruga na kama shi in janye, ya fi ƙarfina, ya jiƙa ni har kai. Na saki, na sunkuci daro na gangara. Kuɓewa ta riga ta tashi tana yawo kamar an saki 'yan firamare. Na kamfato da hannu biyu, ta zille ta tsakanin yatsuna. Duk wadda ta taɓa wanke tukunyar miya ta san abin da ɗanyar kuɓewa ke yi in ta ga ruwa. To, a ce buhu guda ne, kuma ana kaɗa shi da tiyo. Taku na uku santsi ya kwashe ni, na zauna daɓas.

Na yunƙura, na koma. Na dafa daro, daron ya tafi abinsa. Ina cikin yunƙuri na uku, da rarrafe, hijabi ya manne mini, yankan kuɓewa a goshi, sai ƙofa ta buɗe. Injiniyan aikin ne da magina biyu, Baba Isa na gaba yana nuna masu hanya.

Suka tsaya a bakin kwami suna kallona. Wani magini ya ruga ya sa aka kashe ruwan. Injiniya ya sauko matakala, ya naɗe hannun riga, ya tsoma yatsu ya ɗago. Yauƙi ya biyo hannunsa, dogo, bai tsinke ba har ya miƙe tsaye.

"Isa," ya ce a hankali, "wanga ruwa daga ina aka ɗebo shi?"

"Ranka shi daɗe, ruwan lafiya lau shike. Daddawa da gishiri kawai suka rage."

Direba ya zagayo yana share hannu da tsumma, dattijo ne mai furfura. (Ashe Baba ne ya dace.) Ya ce shi fa sau biyu ya yi tambaya, kowa shaida ne. Injiniya ya dube ni.

"Yarinya, ba ki ji shi ba?"

"Na ji."

"To mi kika yi?"

Da na yi shiru, da an ce tsoro ne. Amma an koya mini in babba ya yi tambaya a ba shi gaskiya. Na ce, "Na ɗaga hannu."

Magini ɗaya ya juya baya, kafaɗunsa na rawa. Direba ya zauna a kan tulin yashi. Injiniya ya yi ƙoƙari, na ga ya cije leɓe, amma ya kasa danne dariyar. Baba Isa ne ya miƙo mini gorarsa na kama, ya jawo ni kamar an ciro guga.

Ba su yi mini faɗa ba, kuma wannan ya fi ciwo. Gwajin ya tashi, sai an kwashe ruwan an wanke wurin. Maginan suka taya ni tsamo abin da ya samu da kwanon kwaɓa siminti. Sawu uku na kawo, abin da ya koma bai kai rabin daro ba, shi ma ya sha ruwa, ko an shanya baƙi zai yi.

Yanzu an gama gyaran, an shafe kwamin da shuɗin fenti, yara na iyo ranar Asabar. Ni in na zo wucewa sai in sauya hanya, don har yau akwai masu ɗaga mini hannu daga nesa. Abin da na koya shi ne, kunya ado ce kamar yadda ake gaya mana, amma mai tanka ba ya ganin ado ta bayan katanga.

Wannan hikimar daga baya ta zo. A ranar, ina tsaye ruwa na ɗiga daga hijabina, Gwaggo kawai nake gani da gwiwarta a miƙe, da Asabe da ke jiran rabonta a Kebbe. Baba Isa ya ɗora mini daron a kai ya juya zai koma bencinsa. Zan kira shi, hannuna har ya fara tashi. Na danne shi da ɗayan.

"Baba." Wannan karon har direba ya waiwayo. "Don Allah ka raka ni gida. Ka shige gaba, ka fara sa ta dariya kafin ta ga daron."