Yadda Za Ki Yi Kiwon Tarwaɗar Rafin Dutse Har Ɗanki Ya Samu Fanka

'Yar'uwa, in maigidanki ya shigo da akwatin gilashi da wasu 'yan kifaye masu gashin baki a leda, kada ki ɗaga murya. Ki bi matakan nan. Maman Kumatu ta bi su, yau ɗanta na barcin rana har da munshari, na kuma ɗaukar miki alkawarin haka.

1. Ki fara sanin baƙin

Ba irin tarwaɗar da kika sani ba ce. Wannan ko yatsanki ba ta kai ba, cikinta shafaffe, asalinta rafin kan dutse inda ruwa ke gudu da sanyi. Mai sayar da kifin ya gargaɗi Baban Kumatu cewa ba sa son zafi, ba sa son tsayayyen ruwa, ba sa son a taɓa su, ba kuma sa son a kalle su. Maman Kumatu ta tambaya to me suke so. Aka ce mata ai ita ba za ta gane ba. Ke ma ki yarda ba za ki gane ba, ya fi sauƙi.

2. Ki sallama fankar

A gidan, fanka ɗaya ce mai caji, ita ke fifita Kumatu, ɗan wata goma da ƙurajen zafi suka feso masa daga wuya har gadon baya. Da ma'aunin zafin ruwa ya ɗan hau, sai Baban Kumatu ya ɗauke ta daga ɗaki ya saita ta a bakin akwatin. Ya ce yaro yana iya kuka a ji, kifi kuwa ba shi da baki. Masana sun tabbatar wannan hujja ce, tunda babu wanda ya taɓa jin kifi ya musa.

Batirin gida ma nan ya koma, don kada injin da ke kaɗa ruwan ya tsaya in an ɗauke wuta. Ƙanƙarar firij kuwa, ki manta kin taɓa saninta.

3. Kada ki yi faɗa

Maman Kumatu ta gwada. Ta nuna masa wuyan yaron, ya ce a ƙara hoda. Ta yi fifita da murfin kwali har kafaɗarta ta riƙe. Faɗa ba ya sanyaya ɗaki.

4. Ki ɗauko tabarma

Nan ne sirrin. Wata rana da azahar ta leƙa falo, ta ji iskar da ke tashi daga kan ruwan, ta dubi labulen da aka ja don kada rana ta dami kifi. Duk gidan babu inda ya kai nan sanyi. Ta shimfiɗa tabarma gefen akwatin, ta kwantar da yaron. Ƙarar ruwan ta yi masa rarrashi, kafin ta gama ninke wanki ya yi barci. Albarkacin kaza ƙadangare kan sha ruwan kasko.

Amma ki sa a ɗaure teburin da akwatin ke kai a bango, wayoyin wuta ki ɗaga su sama, murfi ya zauna daram. Wannan kam ba wasa nake ba.

5. Ki zama uwar kifi

Daga nan ita ke fara duba ma'aunin zafi. Ita ke tuna wa maigidan cajin batir. Da ƙaninsa ya zo aron fankar, ta ce haba ƙanina, so kake ka kashe mana bayin Allah? Baban Kumatu har yabonta yake wa abokansa, wai ta waye. Ƙurajen suka bushe ɗaya bayan ɗaya.

6. Kada ki bari a ɗaga dutse

Tarwaɗar nan ƙarƙashin dutse take yini. Tun ranar da aka zuba su babu wanda ya sake ganin ko jela. Namiji kuwa yana gajiya da kallon duwatsu. Baban Kumatu ya naɗe hannun riga, ya ce zai ɗaga babban dutsen, in babu komai zai ba abokinsa kayan duka, har da fankar da batirin, tunda abokin ma ya fara sha'awar kiwo.

Maman Kumatu ta sha gabansa, yaro a kafaɗa.

"Baban Kumatu, ba kai ka ce ba sa son a taɓa su ba?"

"To kin gan su ne?"

"Kumatu ya gani. Kumatu, ina kifi?"

Yaron, da yake nuna komai har takalmi, ya miƙa yatsa wajen gilashin. Uban ya durƙusa ya ƙura ido, can ya ce lallai kamar ya ga gashin baki ya motsa. Ya sauke hannun rigarsa. A bar kaza cikin gashinta.

Togaciya

Mai wannan rubutu ba ta da alhakin jiƙewar dadduma, ko fushin ƙanin miji, ko ɗan da ya saba har ba ya barci sai da ƙarar ruwa. Abin da ke ƙarƙashin dutse kuma tsakaninsa ne da Mahaliccinsa. Ke dai ki ci gaba da zuba musu abinci har zafi ya wuce.