Wasiƙar da na rubuta wa mutum ɗaya

Akwai wata Asabar da ko na so in manta da ita, mutanen ƙauyenmu ba za su taɓa bari in manta ba. Ni ne sakataren ƙungiyar manoman riɗi da gyaɗa ta yankinmu, can bayan Bici. Shugaban ƙungiyar kuwa Alhaji Sule ne, wato mahaifin matata (ku riƙe wannan da kyau, don nan ciwon yake).

Wani kamfani ne ya nuna yana son ya riƙa sayen riɗinmu kai tsaye, amma ya ce sai an rubuto masa ta adireshin imel mai ɗauke da sunan ƙungiya. Da aka zauna taro, Alhaji ya ce shi dai ba ya son wasiƙunmu su zauna a hannun wasu, a nemi hanyar da za mu ajiye abinmu a kwamfutarmu, kowa ya buɗe nasa ta waya. Kafin ya rufe baki na miƙe.

"Baba, ai wannan ƙaramin aiki ne. A bar min shi."

Duk ilimin kwamfutata kwas ɗin wata uku ne da na yi a Kano, kuma rabinsa koyon buga takarda ne. Amma a garinmu ni ake kawo wa waya idan ta ƙi kunnuwa, har wasu na kirana Injiniya, ni kuma ban taɓa hana su ba.

A wurin akwai Malama Saratu, mai koyar da lissafi a firamarenmu, 'yar gidan limamin cocin da ke ƙetaren rafi. Cikin natsuwa ta ce ta ɗan bincika, manhajojin irin wannan aiki kashi biyu ne. Akwai wadda aka haɗa komai a wuri ɗaya, ka saka ta, ta yi maka 'yan tambayoyi, ta riƙa sabunta kanta, ta kuma tace wasiƙun 'yan damfara. Akwai kuma wadda sai ka harhaɗa guntu-guntu da hannunka. Ta ce tunda ba mu da gwani, mu ɗauki ta farkon.

Wannan "ba mu da gwani" ita ta tsaya min a wuya. Na yi wata 'yar dariya na ce, "Malama, waccan ai ta 'yan koyo ce."

Mako biyu na yi ina kokawa da ta gwanayen. Baƙin allo ne kawai da fararen rubutu, in kwafo umarni daga intanet in liƙa, ta amsa min da jan rubutu. Na bar gonata ciyawa ta cinye. Na aika wasiƙar gwaji ta fi ashirin, babu wadda ta isa ko'ina. Sau ɗaya wata ta fita, sai ta dawo min da dogon Turanci (na fahimci dai korata aka yi). Duk wanda ya tambaye ni sai in gyara hula in ce, "Ana kan matakin ƙarshe." Kamfani kuma ya aiko cewa idan wata ya ƙare bai ji daga gare mu ba, zai nemi wasu.

Saura kwana uku bikin ƙaddamar da imel ɗin, wanda aka sa ranar Asabar, na haɗiye girman kaina, na tari Malama Saratu bayan an tashi daga makaranta. Ba ta yi min dariya ba, Allah ya saka mata. Ta goge duk shirmen da na yi, ta saka waccan ta 'yan koyon, kafin la'asar kowane mamba ya samu akwatin wasiƙunsa. Ta kuma buɗe wani adireshi guda mai suna "Mambobi", wanda idan an aika masa saƙo kowa zai samu.

Da na koma gida, daɗi ya cika ni, na ce bari in gwada da saƙon godiya ga Malama. Na rubuta "Ma" a gurbin suna, wani suna ya fito, na danna, na aika. Ban duba ba.

Ranar Asabar aka cika ajin firamare, dattawa a kan benci, mata a gefe, an aro majigi an haska bango. Na sha babbar riga. Na yi jawabi mai tsawo kan wahalar da na sha, har da cewa aiki ne da ba kowane kai ke ɗauka ba. Sai Alhaji ya ce a buɗe akwatinsa a gani. Na buɗe, ga wasiƙa ɗaya tana jira.

"Ikon Allah, har an rubuto min! Ban zo da tabarau ba. Karanta mana."

Na ɗaga kai na ga sunana a sama. Na ga layin farko. Gumi ya karyo min har cikin hula. Na yi gyaran murya na fara ƙirƙira: "Zuwa ga shugabanmu mai daraja, muna taya ka murna..."

"A'a, Injiniya," in ji Malam Audu, tsohon hedimasta, daga bencin gaba. "Ba haka aka rubuta ba. Ko idona ne?"

Ya miƙe, ya matsa kusa da bango, ya karanta da irin muryar da yake kiran sunayen ɗalibai:

"Malama, don girman Allah ki rufa min asiri. Kada kowa ya ji ke kika yi aikin nan, musamman surukina. Wallahi mako biyun nan ko abu ɗaya ban gane ba. Zan aiko miki da zabi biyu."

Can sai wayoyi suka fara fitowa daga aljihu, kowa na duba nasa akwatin, kowa ya tarar da kwafinsa. Dariyar da ta ɓarke har awakin da ke bakin taga sai da suka watse. Malama Saratu ta rufe fuska da gyale, kafaɗunta na rawa. Ni kuwa na ƙura wa igiyar majigi ido kamar ita ta yi laifin.

Alhaji bai yi dariya ba, wanda ya fi komai tayar min da hankali. Ya bari aka lafa, sannan ya ce, "To, alhamdu lillahi, mun dai tabbatar saƙo yana isa ga kowa. Malama, daga yau ke ce mai kula da wannan abu." Ya juyo gare ni. "Kai kuma, zabi biyu sun yi kaɗan. Ka cika su huɗu."

A ranar Malama ta rubuta wa kamfanin, suka amsa, riɗinmu ya samu kasuwa. Na kai zabi huɗu da kaina, a kan babur, suna ta kuka duk wanda na wuce yana ɗaga min hannu.

Yanzu idan aka ajiye min abu biyu aka ce wannan na gwanaye ne, wannan na 'yan koyo, ba na ko tsayawa tunani, layin 'yan koyo nake bi. Kuma kafin in aika kowane saƙo, ko da "ina kwana" ne, sai na karanta sunan mai karɓa sau uku, da babbar murya.