Rasuwar Gwaggo, Kwamfutar da Ta Dahu a Ginin Farfesa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da idanun da kuka ya kumbura, ɗalibar nan ta digiri na uku a fannin zanen gine-gine, wadda ƙannenta suka shekara shida suna kira Anti Dakta alhali digirin bai zo ba, tana sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar kwamfutarta, wadda aka fi sani da Gwaggo. Ta cika ranar Talata da ƙarfe biyu na rana, a kan cinyar mai ita, tana da shekara goma sha ɗaya a duniya.

Marigayiya ta shigo gidan ne da tsufanta, bayan yayan ɗalibar ya gama cin moriyarta ya sayi sabuwa. Sunan Gwaggo kuwa daga tashinta ta samo shi: sai an kunna ta, an je an ɗora ruwan shayi an dawo, sannan ta yi nishi ta buɗe ido. Amma in ta tashi, aiki take yi ba ƙorafi.

Binciken ɗalibar a kan yadda iska ke shiga ɗakunan gidajen haya ne, don haka Gwaggo ta shiga gida sittin da uku ana awon tagogi. Ta zauna a kan bokiti, ta zauna a kan buhun siminti. Ta sha gudu a cikin jaka ranar da wani mai gida ya ɗauka masu rusau ne suka zo. 'Yan biyun ɗalibar sun taɓa shayar da ita madara, ta rasa madannai uku, ba ta riƙe su a zuciya ba.

Haƙurinta ya fi bayyana a hannun Farfesa, malamin da ke duba kundin. Sau huɗu yana sauya taken binciken. Babi na biyu sau tara ana rubuta shi. A na taran ɗalibar ta gaji ta mayar masa da na farkon, ya yaba ƙwarai, ya ce yanzu ta fara fahimta. Duk wannan a gaban Gwaggo aka yi, abin da ta ce kawai shi ne, “Fuuuu.”

Ta daɗe tana fama da ciwon zafin jiki. A gida ana ɗora ta a kan bulo biyu, mijin ɗalibar na yi mata fifita da murfin tukunya in aiki ya yi nauyi, kuma da hakan take lallaɓawa. Ranar da ajali ya yi kira, Farfesa ya ce a kawo masa babi na biyar ƙarfe goma na safe. Ofishinsa yana sabon ginin sashen, wanda shi ya zana da hannunsa har aka ba shi lambar yabo: gilashi daga sama har ƙasa, ba taga ɗaya da ke buɗewa, domin a cewarsa taga a buɗe tana ɓata fuskar gini. Na'urar sanyaya ginin kuwa ta riga Gwaggo tafiya da wata biyar.

Awa huɗu suka yi a kan bencin ƙofar ofis, ɗalibar na gumi tana gyara ƙarshen babin. Gwaggo ta ɗauki zafi har ba a iya riƙe ta sai da gefen mayafi. Kalamanta na ƙarshe su ne, “Fuuuu, ƙirrr, ƙit.” Ba a jima ba Farfesa ya fito, ya dubi baƙar fuskar Gwaggo, ya ce ɗaliban yanzu ba sa rasa uzuri, ya wuce yana fifita da babi na huɗu.

An garzaya da ita wajen mai gyara. Ya kwance ta, ya sansana, ya ce wannan ba ta mutu ba, dahuwa ta yi.

Ta rasu ta bar caja ɗaya mai ɗauri uku a wuya, da jaka mai yagaggen zik, da babi huɗu marayu a cikin filas ɗin ajiyar bayanai. Babi na biyar, aikin wata bakwai, ya bi ta, don tun da aka haife shi bai taɓa kwana a wani wuri ba. Ta kuma bar ɗalibar da mako uku kacal kafin a rufe karɓar kundi, da surukar da ta riga ta ɗinka kayan bikin kammalawa.

Za a yi mata sutura ranar Alhamis da hantsi a shagon mai gyara, ƙarƙashin matakala. Za a ba da gilashinta ga wata mai buƙata. Batirin kuwa an yi tayi, ba wanda ya karɓa. Ana karɓar gaisuwa a falon gidan. Masu niyyar tambayar me ya hana a ajiye kwafi a wani wuri, an yafe musu zuwa. Mai kwamfutar aro kuma ya shigo ko ba sallama.

Zaman makoki kwana uku ne kawai, domin Farfesa ya aiko cewa yana jiran babi na biyar ranar Litinin, ƙarfe goma na safe, a ofishinsa.